Toka Cikin Toka

"Uwar da za ta haifi ɓarawon motata, ita kanta ba a yaye ta ba tukuna!"

Haka Abednego ya faɗa yana tsaye a bakin get ɗin layinmu na Jikwoyi, hannu ɗaya a kan tumbi, ɗaya yana bubbuga rufin motar kamar mai lallashin jaki. Yayan mijina ne, don haka Baban Jennifer nake kiransa, kuma in zan gaishe shi har rusunawa nake yi. Amma rusunawa ba ta hana ba da labari.

Shekara talatin da biyu ya yi a wata ma'aikata yana ɗauke fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Ya yi ritaya da tumbi, da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi yana jiran aiki, da wata mota ruwan toka 'yar Beljiyam, irin waɗanda Turawa suka gama morewa suka turo mana saura. Da an bar shi haka da mun zauna lafiya. Sai 'yarsa Jennifer ta yi kuskuren saya masa babbar waya.

A cikin wayar nan ya ci karo da wani zane na satar motoci a ƙasashen duniya, shekara bayan shekara, jan layi yana hawa, shuɗi yana gangarowa. Ko zanen gaskiya ne ko ƙarya, ni ban sani ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, daga ranar gaisuwa ta gagara a layinmu.

"Ina kwana, Baban Jennifer?"

"Wane kwana, Maman Sandra? Kin san abin da ke faruwa a Kanada? Abin ya hau kashi kaza cikin ɗari!"

"Allah ya kyauta."

"Japan kuwa sai sauka take yi, kashi kaza! Faransa fa? Tsaya in nuna miki Faransa."

"Na bar wake a wuta."

"Waken ya jira. Faransa ta fi shi ƙonewa."

Ba a yi wata guda ba 'yan layi suka raɗa masa suna Farfesa Kashi. Shi ya ɗauka girmamawa ce, har amsawa yake yi da ɗaga hannu. Matarsa Lucia kuwa ta ce mini, "'Yar'uwa, shekara talatin ina tare da mutumin nan, ban san zai tsufa da kashi a baki ba." Allah ya gafarta mana, mun yi dariya har da hawaye.

To, ga inda gizo ke saƙar. Layinmu yana da ciyaman na tsaro, Baba Yamusa. Manomi ne, ɗan asalin wurin, gonar kakansa ce ma aka yayyanka ta zama layin. Shekara tara makullin get yana hannunsa. Ba shi da waya mai zane. Benci gare shi a bakin get, da kwandon gyaɗa yana ɓarewa, ya kuma san kowace mota ta layin da irin tarinta. A shekara taran nan ko madubin mota ba a taɓa ɗauka ba.

Wannan kujera Farfesa ya ƙwallafa wa rai. Akwai riga mai ƙyalli, akwai usur, akwai zama a gaba ranar mitin. Ya faɗa a coci cewa shi ne ciyaman mai jiran gado. Har kati ya bugo, ɗari biyu, da hotonsa da tabarau biyun, an rubuta "Ciyaman Tsaro, Masanin Satar Motoci na Ƙasa da Ƙasa". Zaɓe kuwa sai Asabar da la'asar, a gindin mangwaro.

"Amma Baban Jennifer," in ji mijina, "ai ba a taɓa sata a hannun Baba Yamusa ba."

"Shi ne matsalar! Sifili! Ka taɓa ganin ƙasar da ta ci gaba tana da sifili? Sifili ba nasara ba ce, rashin lissafi ne. Tsohon nan sa'a yake ci. Ni kimiyya zan kawo muku, kuma a kan motata zan fara nunawa."

Ran Litinin ya kawo abin da ya kira tsarin Italiya. Sarƙa ce irin ta ɗaure sa, ya naɗe sitiyari da ita, ya zagayo ta burki, ya datse da kwaɗo uku. Ya tara mu muka kalla. Sannan ya shiga gida ya ɓoye makullan a inda, in ji shi, ko aljani ba zai gano ba. Gaskiya ya faɗa. Aljani bai gano ba, shi ma bai gano ba. Ran Talata sai da Dominic bakanike ya zo da zarto ya yi awa biyu yana gumi.

"Oga Farfesa," in ji Dominic, "wannan tsarin ya yi aiki fa. Mai motar ma ya kasa sace ta."

"Gwaji ne," in ji Farfesa. "Italiya ta faɗi. Mu koma Jamus."

Tsarin Jamus jiniya ce mai ihu in an taɓa mota. Kaza ta wuce, ihu. Ganyen mangwaro ya faɗo, ihu. Akuyar Baba Yamusa ta gano cewa in ta soshe gadon bayanta a jikin ƙofar, ana yi mata kiɗa kyauta, sai ta mai da wurin wajen hutunta. Ran Laraba muna addu'ar zumuntar mata a gidan Lucia, duk inda muka ce "Ya Ubangiji ka ji kukanmu," sai motar ta riga mu. Kafin Alhamis batir ya mutu murus. Mu matan zumunta mu muka tura ta har bakin titi, Farfesa yana ciki yana ba mu umarni ta taga.

Dominic ya cire jiniyar, ya ce, "Oga, me zai hana ka sa na'urar bin sawu? Ƙarama ce. Duk inda mota ta je kana ganinta a waya."

"Wasan yara! Wannan ai sai bayan an sace. Ni maganin kafin a sace nake nema. Kuma na samo shi."

Ya gyara tabarau na hanci, ya sauko da na goshi ya ɗora a kai, alamar babbar magana na tafe.

"Na yi nazarin ƙasa goma sha biyu, na shekara ashirin. Ɓarawo ido yake bi. Abin da ya fita daban shi yake ɗauka. Ka taɓa jin an saci ƙwayar gero ɗaya a cikin buhu? To a Abujan nan, in ka jefa dutse sama, kan mota ruwan toka zai faɗo. Maganin kawai in mai da tawa ta zama kamar kowace. Toka cikin toka! Wannan ba tsarin Turawa ba ne, tsarin Abednego ne."

Ran Juma'a ya tasar wa motar nan kamar mai fige kaza. Ya ɓare sitikar bikin Jennifer. Ya kwance jan ƙyallen da ke jikin eriya. Ya sa aka buge lotsawar da ke ƙofar baya, wadda da ita muke gane motar tun daga nesa. Da ya kai hannu kan sitikar gilashin baya, mai cewa "Ubangiji Makiyayina Ne", Lucia ta riƙe masa hannu.

"Baban Jennifer, wannan kam ka bar ta."

"Alama ce, Lucia. Alama ita ce abokiyar ɓarawo."

"To in ka cire makiyayi, wa zai nemo tunkiya in ta ɓata?"

"Wace tunkiya?"

Lucia ta dube shi tun daga tabarau har takalmi. Ya ɓare sitikar.

Ran Asabar da safe ni da Lucia muka hau bas zuwa kasuwar Utako sayen busasshen kifi da barkono. Farfesa ya ce mu jira shi can, zai zo a buga masa babban allon da zai nuna a mitin, sai ya dawo da mu. Wajen azahar muka hango allo yana tahowa da ƙafafu biyu. Faɗinsa ya kai ƙofar ɗaki, ga layuka ja da kore da shuɗi kamar an zubar da taliya mai launi. A ƙarƙashinsa Farfesa ne yana haki.

Muka bi shi wurin ajiye motoci. Jama'a, in kun ga wurin nan! Mota ruwan toka ta fi ashirin a jere, kamar 'ya'yan uwa ɗaya. Farfesa ya tsaya yana murmushi.

"Kun gani? In ke ɓarauniya ce, Lucia, wacce za ki ɗauka?"

"Ni dai ka buɗe mana, kifin nan ya fara kiran ƙuda."

Ya nufi ɗaya kai tsaye, ya zura makulli. Makullin nan ya tsufa, haƙoransa sun suɗe kamar na kakata. Ya ɗan yi gardama, ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya jijjiga, sai ƙofa ta buɗe.

"Kun gani? Har ni mai ita sai da ta yi mini tambayoyi."

Muka zuba kaya a but, muka cusa allon ta kan kujerar baya, na zauna a ƙarƙashinsa kamar mai fakewa ruwa. Ku tuna, rabonmu da shiga motar tun kafin ya fara gyare-gyarensa. Ya tayar, sai wani sanyi ya buso mana.

"Ikon Allah!" in ji Lucia. "Esi ɗin da ya mutu tun kafin auren Jennifer?"

Na ga kunnen Farfesa ya ɗan motsa. Daga baya ya ce shi ma abin ya ba shi mamaki, sai ya ɗauka Dominic ne ya gyara don girmamawa, gyaran ya ɗauki kwana biyu kafin ya kama. Amma farfesa ba ya nuna mamaki a gaban mata.

"Dokar tsaro ta farko," ya ce, "ba a shelar gyara."

Na sauke ƙafa ina laluben ramin nan na ƙasan kujerar baya, wanda aka rufe da kwali, inda mukan ga kwalta tana gudu. Babu rami. Shimfiɗa ce mai laushi.

"Baban Jennifer, har ramin an toshe?"

"Maman Sandra, abin da na yi wa motar nan a mako guda, in na lissafa miki kanki zai yi ciwo."

"Har da turaren wuta?" in ji Lucia tana shinshina.

"Ɓad da sawu ne. A Indiya kashi kaza na ɓarayi..."

Ya kama Indiya, bai sake ta ba sai da muka shiga gosulon Nyanya. Ni kuwa ina da wata ɗabi'a, duk rubutun da idona ya faɗa a kai sai na haɗa baƙaƙensa na karanta, ko na jikin buhun gishiri ne. A gefen gilashin da nake zaune akwai 'yar sitika ƙarama. Na bi ta a hankali.

"Baban Jennifer, yaushe ka shiga ƙungiyar malaman lissafi?"

Ya yi dariya har motar ta yi rawa. "Shiga? Ai ni a ciki aka haife ni!"

Na ce a raina, mutumin da ya bugo katin ciyaman tun kafin zaɓe, sitika ce za ta gagare shi?

Muka iso get. Baba Yamusa yana kan bencinsa. Bai tashi ba. Ya karkata kunne, ya ajiye gyaɗar hannunsa.

"Oga Farfesa, sannu da dawowa. Motarka ta warke tari?"

"Buɗe mana get, Baba."

"Da safe ta fita tana tari uku kafin ta sha kwana. Yanzu ta dawo shiru kamar amarya."

"Kimiyya ke nan. Daga yau za ka huta da sauraron tari."

Tsohon ya buɗe, amma ya bi bayan motar da ido har ta tsaya.

Ƙarfe huɗu layi ya hallara a gindin mangwaro. Aka jingina allon da bangon gidan Baba Yamusa. Farfesa ya ajiye motar dab da taron don ta zama shaida, ya sa babbar riga, ya karyo tsinken mangwaro na nuni.

"Jama'ar layi! Ga duniya a gabanku. Wannan jan layin Faransa ce. Wannan Kanada. Wannan da ke gangara kamar mai jin kunya, Japan. Kowanne yana nuna motoci nawa ake sacewa cikin kowace dubu ɗari. Wannan kuma," ya nuna wani baƙin layi da ke kwance a can ƙasa, "mu ne. Shekara tara a kwance kamar mataccen maciji. Kuna tsammani haka za a dawwama? Lissafi ya nuna ɓarawo yana hanya. Ina gaya muku, ƙila ma ya riga ya shigo layin nan! Ƙila yana cikinmu yanzu haka, yana kallonku!"

Mutane suka fara duban juna. Daidai nan tasi ta tsaya a bakin get.

Wata mata ta fito, doguwa, da mayafi ruwan ƙasa da tabarau guda ɗaya tak. Waya na hannunta tana kallo tana tafiya, ɗan sanda yana biye da ita. Ta yi sallama, aka amsa. Ba ta dubi kowa ba, ta wuce har gaban motar, ta dafa ta, ta ce, "Alhamdu lillahi."

"Hajiya, a yi hankali da fenti," in ji Farfesa. "In kallon tsarin kika zo yi, ki zauna a baya, za a ba da damar tambaya."

"Sunana Rahmatu. Tambayata ɗaya ce. Wa ya kawo motar nan daga Utako?"

"Ni, mai ita." Ya zaro kati ya miƙa mata.

Ta karanta a fili: "Masanin Satar Motoci na Ƙasa da Ƙasa." Ta miƙa wa ɗan sandan. "Ofisa, ka ga har kati gare shi."

Ɗan sandan mutum ne mai sanyin hali. Ya ce, "Oga, ba faɗa. Tun da motarka ce, faɗa mana lambarta. Kar ka waiga."

Farfesa ya buɗe baki. Mutumin da ya san na Faransa na shekara ashirin da ka, ya san na Kanada har da ɗigo.

"Tana farawa da... akwai bakwai a ciki."

"Babu bakwai a lambarmu," in ji Lucia daga cikin mata. Ta tashi ta zagaya bayan motar, ta duba, ta ɗora hannu biyu a ka. "Yesu mai ceto! Baban Jennifer, motar wa ka sa na zuba wa kifi?"

Hajiya Rahmatu ta buɗe aljihun gaban mota, ta fito da carbi, da takardun mota masu sunanta. Ta buɗe but, ta ɗaga buhun kifinmu, ga takardun jarrabawar ɗalibanta a ƙasa, sun sha ƙamshi. Sannan ta nuna wa Farfesa wayarta: ɗan ɗigo ja yana ƙiftawa a kan layinmu.

"Na'urar bin sawu ce," ta ce. "Tun daga Utako nake kallonka. Ka ma tsaya sayen masara a Nyanya."

Daga can baya Dominic ya ce, "Wasan yara!"

Farfesa ya cire tabarau na hanci, ya sa na goshi, ya cire, ya mayar. "Hajiya, wannan... kuskuren kimiyya ne. Makulli ne ya... Ai kin ga ingancin tsarin, toka cikin..."

Amma idon Hajiya ya riga ya sauka kan allon. Malamar lissafi ce ta sakandare, kuma malami ba ya ganin allo ya wuce. Ta matsa, ta bi layukan da yatsa.

"Wannan baƙin na ƙasa fa?"

"Layinmu ne, Hajiya," in ji Baba Yamusa. "Sifili. Farfesa ya ce babu ci gaba."

"Mota nawa gare ku a layin?"

"Goma sha ɗaya."

"To ai yau kun ci gaba. Sata ɗaya, mota goma sha ɗaya. In aka mai da shi ma'aunin allon nan, dubu tara ne da ɗoriya cikin dubu ɗari." Ta duba saman allon. "Babbar ƙasar da ya zana ba ta kai dubu ɗaya ba. Baba, kun doke Faransa, kun doke Kanada, kun haɗa da sauran goman. Kuma mutum ɗaya ne ya kai ku."

Baba Yamusa ya tashi a hankali. Ya ɗauki gawayi a murhun mai masara, ya ɗora a ƙarshen baƙin layin nan, ya ja shi sama. Ya wuce Japan. Ya wuce Faransa. Allo ya ƙare, ya ci gaba a jikin bango. Hannunsa ya gaza, ya hau benci, ya ja har ƙarƙashin kwano. Sannan ya waiwayo.

"Oga Farfesa, a nan sama sunan ƙasa za a rubuta, ko sunan mutum?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Har ɗan sandan sai da ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Allah ya sa Hajiya Rahmatu mai haƙuri ce. Aka ɗunguma zuwa Utako don a ga ko da gaske akwai wata motar. Tana nan, mota huɗu tsakaninta da inda ta Hajiya take. Garin ɗokin allo, Farfesa ya bar gilashi a sauke, ƙofa ba kulle, wuni guda a tsakiyar kasuwa. Ba wanda ya taɓa ta. Abu ɗaya kawai aka ƙara mata: wani ɗan gwangwan, mai sayen tsohon ƙarfe, ya maƙala takarda a gilashi da lambar wayarsa, ya rubuta, "In za a sayar, muna awo da kilo."

Hajiya ta ce ta yafe, da sharaɗin ya canza makulli, ya kuma yi wa iyayen ɗalibanta bayanin dalilin da sakamakon 'ya'yansu ke warin kifi.

Zaɓe aka ɗaga zuwa Asabar ta gaba. Aka ce masu son Baba Yamusa su ɗaga hannu. Lucia ta ɗaga biyu. Aka ce masu son Farfesa. Shi kansa ya fara ɗagawa, ya duba hagu da dama, sai ya mai da abin susar ƙeya. Ran Lahadi Lucia ta sayo sabuwar sitikar makiyayi, babba, ta manna da hannunta, ta ce duk wanda ya taɓa ta ya nemi inda zai ci tuwo.

Layin gawayin yana nan a bango har yau, Baba Yamusa ya hana a goge. Ya kuma kafa sabuwar doka guda ɗaya, wadda na tabbata ko a Japan babu irinta. Ko'ina a duniya motar da za ta fita ake bincika. A layinmu, wadda ta shigo ake tsarewa.

Jiya ma ina dawowa daga cefane na tarar da su. Farfesa ya tsaya a bakin get yana ta danna hon. Tsohon ya ajiye gyaɗarsa, ya zagaya baya ya karanta lamba, ya shafa sitikar makiyayi, ya kasa kunne har motar ta yi tari uku. Sannan ya leƙa ta taga, cikin ladabi.

"Sannu da dawowa, Oga Farfesa. Ta yau ta waye?"